Tarihin Shigar Manhajojin Hira Fagen Ƙagaggen Rubutu da Tsara Umarnin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka fara sa na'ura ta rubuta adabi da kuma umarnin kwamfuta, tun daga 1950 zuwa 2023. Abin da ake nufi da manhajar hira shi ne tsarin da mutum zai rubuta masa magana da harshen yau da kullum, ya mayar masa da jawabi. Za a nuna cewa na'urar ta riga ta ƙware wajen kwaikwayon sigar zance tun kafin a iya dogara da sahihancin abin da take faɗa.

2.0 Matakin Farko: 1950 zuwa 1984

A 1950 Alan Turing, masanin lissafi ɗan ƙasar Ingila, ya kawo shawarar a auna basirar na'ura ta hanyar hira a rubuce, a ga ko mai tambaya zai iya bambanta ta da ɗan Adam. A 1952 Christopher Strachey ya sa kwamfutar Jami'ar Manchesta ta riƙa fitar da wasiƙun soyayya. Dabarar ba ta da wuya: an tanadi ƙwarangwal ɗin jimla, na'ura kuwa tana cike gurabun da kalmomin da take tsinta barkatai daga jerin da aka ba ta. Haka Theo Lutz ya yi a Jamus a 1959, inda ya ɗebo kalmomi daga wani littafin Franz Kafka.

Hira sosai ta fara ne da ELIZA, wadda Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT a Amurka ya bayyana a 1966. Tana kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa, tana juya maganar mutum ta mayar masa da ita a matsayin tambaya. Duk da ba ta fahimtar komai, mutane sun riƙa buɗe mata cikinsu, lamarin da ya tayar wa maginin nata hankali har ya rubuta littafin gargaɗi a 1976. A 1984 kuma aka buga wani littafi da aka ce manhajar Racter ce ta rubuta, amma daga baya manazarta suka yi shakku, domin alamu sun nuna hannun ɗan Adam ya yi yawa a ciki.

3.0 Matakin Koyo Daga Tarin Rubutu

Dukkan waɗannan manhajoji da ƙa'idojin da aka rubuta musu da hannu suke aiki. Sauyi ya zo ne a 2017, lokacin da masu bincike na kamfanin Google suka fito da tsarin da ke bai wa na'ura damar nazarin ɗimbin rubutu, ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. A kan wannan tubali kamfanin OpenAI ya gina GPT-3 a 2020. Da yake umarnin kwamfuta ma rubutu ne mai nahawunsa, sai aka horar da irin wannan tsari da umarnin da jama'a suka ajiye a rumbun GitHub, aka fitar da Copilot a watan Yuni na 2021. Ranar 30 ga Nuwamba 2022 aka saki ChatGPT, kuma cikin kwana 5 masu amfani da ita suka kai miliyan 1. Daga cikin ayyukan da aka fara sa ta akwai gyaran kurakuran umarni da tsara waƙoƙi da gajerun labarai.

4.0 Martanin Ma'abota Fagagen Biyu

Ba a yi mako guda ba, a farkon Disamba 2022, Stack Overflow, matattarar da masu tsara manhaja ke amsa wa juna tambayoyi, ta haramta amsoshin ChatGPT. Dalilinsu shi ne amsoshin suna da kyan gani, suna da sauƙin samarwa, amma da yawansu kuskure ne, ga shi tantance su sai gwani. A Fabrairu 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka ta dakatar da karɓar labarai na ɗan lokaci, bayan ɗaruruwan labaran na'ura sun yi mata ambaliya. A shekarar dai, marubutan fina-finan Amurka suka yi yajin aiki na kwana 148, kuma cikin abubuwan da suka samu har da sharaɗin kada a ɗauki na'ura a matsayin marubuciya.

A nan za a lura cewa wahalar ta tashi daga kan mai rubutu ta koma kan mai tantancewa. Sai dai akwai bambanci. Umarnin kwamfuta ana iya gwada shi a na'ura, in ya yi aiki a gani, in ya ƙi a gani. Adabi kuwa ba shi da ma'aunin da ya wuce kunne da zuciyar mai karatu.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙwarewar waɗannan manhajoji ta rataya ne a kan yawan rubutun da suka koya daga gare shi. Rubutun Hausa a intanet bai kama ƙafar na Ingilishi ba, kuma kaso mai yawa na adabinmu na baka ne. Saboda haka na'ura na iya jero ɗangogi masu amsa-amo alhali karin ya karye ko salon ya zama na aro. Hausawa na cewa ba a sayen kifi a ruwa. Nauyi ne a kan sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su horar da ɗalibai sanin kari da salo da sahihin nahawu, domin su ne za su tantance abin da na'ura ta rubuta da sunan Hausa.