Fadamar Hautes Fagnes da Hanyar Keke ta Vennbahn

Hautes Fagnes, wadda Jamusawa ke kira Hohes Venn, shimfiɗaɗɗen tudu ne a gabashin Beljiyam, dab da iyakar Jamus, tsakanin garuruwan Eupen da Malmedy da Monschau. A nan ne wurin da ya fi ko'ina tsayi a Beljiyam yake, wato Signal de Botrange, mai mita 694 sama da gaɓar teku. Duk da tsayin nan, fadama ce kwance a kan tudun. Iskar da ke tasowa daga teku ta yamma a nan take fara cin karo da tsauni, sai ta sauke ruwanta. Ruwan sama kan kai wajen milimita 1,400 a shekara, ga hazo, ga dusar ƙanƙara da hunturu, kuma ƙarƙashin wurin yumɓu ne da ba ya shanye ruwa. A irin wannan jiƙa wata gansakuka ke yaɗuwa. Idan ta mutu ba ta ruɓewa sosai, saboda ruwan yana da tsami kuma iska ba ta ratsa shi, sai ta yi ta taruwa tana danƙarewa har ta zama baƙin abin da za a iya kira gawayin fadama. Abin da yake ƙaruwa a shekara bai wuce milimita ɗaya ba, amma a wasu wurare kaurinsa ya kai mita bakwai, aikin dubban shekaru ke nan.

Ga mutanen da, wurin ba na shaƙatawa ba ne, shinge ne da dole a ƙetare. Masu binciken kayan tarihi sun tono wata tsohuwar hanya, Via Mansuerisca, da aka gina ta hanyar jera gungume a kan taɓo sannan aka ɗora duwatsu, don kada amalanke ya nutse. Wanda kuwa ya kauce wa turba cikin hazo, sai dai wani ikon Allah. Saboda haka ne a farkon ƙarni na 19 wani mai suna Michel Schmitz ya kafa masauki a tsakiyar tudun, wanda har yau ake kira Baraque Michel. Daga baya aka rataya masa ƙararrawa da ake bugawa idan hazo ya rufe, don ɓatattu su bi sautin. Ba kowa ƙararrawar ta cece shi ba. A watan Janairun 1871 wani saurayi, François Reiff, da budurwarsa Marie Solheid suka taso daga Jalhay za su Xhoffraix karɓo takardun ɗaurin aurensu, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su, ba a tsinci gawarwakinsu ba sai cikin watan Maris. Gicciyen da aka kafa don tunawa da su yana nan a bakin tsohuwar iyakar Beljiyam da Furushiya.

Ƙauyukan da ke gefen fadamar, irin su Sourbrodt da Xhoffraix, da ita suka rayu. A can ake kiwon tumaki da shanu, a yanko ciyawa don shimfiɗa a garke, a kuma haƙo makamashi. Da sanyi ya ja baya, kowane gida kan nufi ramin da aka ware masa. A fara kware saman ƙasa, sannan a riƙa yanko gawayin da wani shebur mai kaifi, gunduwa-gunduwa kamar tubali, a jingina su da juna iska ta ratsa, in sun fara tauri a tara su tsibi-tsibi, kafin sanyi ya dawo a kwaso su gida. Wutarsa ba ta kai ta kwal zafi ba, ga hayaƙi, amma talaka ba ya sayensa da kuɗi. Sana'ar ta kai har tsakiyar ƙarni na 20 kafin ta mutu, kuma bakunan tsofaffin ramukan suna nan a miƙe cikin ciyawa.

A 1815, bayan faɗuwar Napoleon, taron Vienna ya ba daular Furushiya gabashin tudun. Yammacinsa ya shiga hannun Holan, sannan ya zama na Beljiyam a 1830. Hukumomin ɓangarorin biyu kallon ƙasar banza suke yi wa fadamar. Daga tsakiyar ƙarnin aka shiga yanka magudanu don tsane ruwa, ana dasa itacen sifurus mai ganye allura-allura, wanda ke saurin girma ya ba da katako. Manoma sun ƙi jinin aikin domin makiyayarsu yake ci, har suka laƙaba wa itacen suna bishiyar Furushiya. Galibin dajin nan mai duhu da baƙi ke sha'awa a yau dashe ne, ba asali ba ne, kuma shi ya cinye babban ɓangare na fadamar.

Furushiya ce kuma ta kawo layin dogo, wanda aka sa wa suna Vennbahn. An buɗe sashen Aachen zuwa Monschau a 1885, aikin ya zarce ta Sankt Vith har ya isa Troisvierges a arewacin Luksambag a 1889. Babban aikinsa shi ne kai kwal daga yankin Aachen zuwa masana'antun ƙarfe na Luksambag da Lorraine, ya dawo da tama. Injiniyoyin ba su yi gangancin ratsa cikin fadamar ba. Sun bi gefenta na gabas, suna lanƙwasa layin yadda hawa ba zai yi tsanani ba, don jirgi mai nauyin kaya ba ya jure gangare mai tsauri. Sojoji ma sun ci moriyarsa, musamman ta tashar Sourbrodt da ke kusa da sansanin Elsenborn.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sauya komai. Yarjejeniyar Versailles ta miƙa Eupen da Malmedy ga Beljiyam, kuma a 1920 hukumar shata iyaka ta yanke cewa layin dogon ma na Beljiyam ne, har da inda ya ratsa ƙasar Jamus. Sakamakon haka wani siririn zirin ƙasar Beljiyam ya yanke wasu yankunan Jamus daga uwar ƙasarsu. Biyar sun rage a yau: Münsterbildchen, Roetgener Wald, Rückschlag, Mützenich da Ruitzhof, kuma Rückschlag gida ɗaya ne tak da lambunsa. Sabon gwamnan yankin, Janar Baltia, shi kuwa da ya ga Botrange ya gaza mita 700 da kaɗan, sai ya sa a 1923 aka tara tudu na mita shida da matakala a kansa, don lissafi ya cika. Ciniki bai samu irin wannan gyara ba. Luksambag ta fita daga ƙawancen kwastan na Jamus, sabbin iyakoki suka kawo haraji, jigilar kwal da tama ta ja baya. Yaƙin Duniya na Biyu ya ruguza gadoji, ya kuma mayar da Sankt Vith kufai a Disamban 1944. Bayan yaƙin, abin da ya fi tafiya a kan wannan iyaka shi ne fasa-ƙwaurin kofi daga Beljiyam zuwa Jamus, wanda mutanen Mützenich suka shahara da shi, har sai da Jamus ta rage harajin kofi a 1953. Jiragen fasinja suka ɗauke sashe bayan sashe, na kaya suka biyo baya, na masu yawon buɗe ido suka ɗan riƙe layin daga 1990 zuwa 2001.

A daidai lokacin da layin ke mutuwa, darajar fadamar ke tashi. Jami'ar Liège ta buɗe tashar bincike a Mont Rigi a 1924, ƙungiyar Les Amis de la Fagne ta kafu a 1935 tana fafutukar hana ƙarin dashe, sannan a 1957 gwamnati ta ayyana wurin a matsayin keɓaɓɓen gandu, wanda yanzu ya haura hekta 4,500. An raba shi shiyya-shiyya: akwai inda kowa zai iya shiga amma bisa turba kawai, akwai inda sai da ɗan jagora, akwai inda aka haramta gaba ɗaya. Idan aka ɗaga jar tuta, an rufe ke nan saboda haɗarin gobara, domin busasshiyar ciyawar ƙarshen hunturu ba ta da wuyar kamawa. Gobarar Afrilun 2011 ta ƙone fiye da hekta 1,000. Aikin da ake yi yanzu warware na magabata ne: toshe magudanu, sare sifurus, a bar ruwa ya sake kwanciya. Baƙar kazar dajin da ta zama alamar gandun ta kusa ƙarewa, har daga 2017 aka fara kawo wasu daga Suwidin.

A layin Vennbahn kuwa, an cire ƙarafunan dogo, aka gyara gurbinsu, akasari da kwalta, kuma a 2013 aka buɗe hanyar keke mai tsawon kilomita 125 daga Aachen zuwa Troisvierges, ta ƙasashe uku. Sauƙin da ya sa iyalai da dattawa ke iya binta gado ne daga jirgin kwal, domin hawan a mafi yawan wurare bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Tsakanin Roetgen da Kalterherberg mai keke a ƙasar Beljiyam yake, alhali a wurare da dama damansa da hagunsa Jamus ne. Ainihin fadamar dai ba a shiga ta da keke. Turbobin katako da aka shimfiɗa a kan taɓo na masu tafiya a ƙasa ne, don haka mai son ganin Botrange ko Baraque Michel sai ya ratse daga Sourbrodt ya bi hanyoyin daji masu lamba, ya ajiye kekensa ya ƙarasa da ƙafa. A ƙarshen kudu, kusa da Huldange, an bar wa jemagu tsohon ramin da jirgi ke bi ta cikin tudu, hanyar ta zagaye shi ta gangara tashar Troisvierges, inda har yanzu jiragen Liège da birnin Luksambag ke tsayawa.