Daga Tiya zuwa Weba: Tarihin Awo a Gaya

Garin Gaya, wanda ke bakin kogin Kwara a jihar Dosso, yana kallon Malanville ta ƙasar Benin, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa da shi, saboda haka juya ma'auni daga wani tsari zuwa wani ya daɗe da zama aikin yau da kullum ga 'yan kasuwarsa. Kafin zuwan Turawa, da mudu ko tiya ake auna hatsi, ƙyalle kuwa da kamu, wato tsawon hannu daga gwiwarsa zuwa ƙarshen yatsa, kuma tun da tiyar wata kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta wata ba, dillali ne ke sasanta mai saye da mai sayarwa.

Mulkin mallaka ya ƙara rikita lissafin, domin Faransa ta zo da mita da kilo da lita, tsarin da ta kafa a 1795 bisa ninkin goma, alhali Ingila ta dasa yadi da galan a Najeriya, inda ba a koma tsarin mita ba sai a shekarun 1970. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a 1958 ta yawaita kayan da ke ratsawa, kuma dole fatake suka san cewa yadi bai cika mita ba, galan ɗin Ingila kuwa ya ɗan haura lita huɗu da rabi.

Irin wannan sauyi ya faru a awon kwararar maganaɗisu, wato yawan ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa wani fili, wanda shi ne ginshiƙin aikin taransifoma da ke raba wutar NIGELEC, kamfanin da aka kafa a 1968. Tsohon ma'aunin wannan kwarara maksuwel ne, amma a 1960, shekarar da Nijar da Benin da Najeriya suka sami 'yancin kai, tsarin awo na duniya ya ɗauki weba, wanda ya kai maksuwel miliyan 100. Miliweba 1,000 ke cika weba ɗaya, maikroweba 1,000 ke cika miliweba ɗaya, maikroweba ɗaya kuma maksuwel 100 ne, don haka injiniya ba ya buƙatar dillali, matsar da ɗigo kawai yake yi. Kasuwa dai ba ta karɓi wannan sauƙi gaba ɗaya ba, domin har yanzu da yadi ake ƙirga atamfa, gero kuma da tiya.