Bugun zafin rana da kumburin fuska: Abin da ya kamata a sani

Bugun zafin rana yanayi ne da zafin jikin mutum ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, jiki ya kasa sanyaya kansa, har ƙwaƙwalwa ta taɓu. Idan aka yi jinkirin agaji, yana lalata ƙoda da hanta da zuciya, yana kuma iya kisa cikin sa'o'i kaɗan.

A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. A aikin Hajjin shekarar, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mahajjata 1,301, da dama saboda tsananin zafi.

Alamomi

Babbar alama ita ce ruɗewa: sambatu, tangaɗi, jijjiga ko suma. Fata kan yi zafi ƙwarai, da gumi ko babu.

Kumburin fuska

Kumburin fuska ba ya cikin manyan alamomin bugun zafi. Kumburin da zafi ke kawowa ya fi sauka a ƙafafu da hannuwa, domin jijiyoyin jini na buɗewa, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata. Na fuska ya fi zuwa daga ƙunar rana ko borin jini. Amma idan kewayen idanu ya kumbura bayan bugun zafi, fitsari ya ragu ko ya yi duhu, akwai yiwuwar ƙoda ta taɓu. Kumburin leɓe ko harshe tare da sarƙewar numfashi na bukatar asibiti nan take.

Agajin farko

A kai mutum inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi ana yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, sannan a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ya suma. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu, da masu aiki a rana kamar manoma da leburori. Hukumar NiMet kan fitar da gargaɗi a lokacin bazara, sai dai gargaɗin ba ya wadatarwa a unguwar da babu wutar lantarki, ruwa kuma sai an saya.