"Sai Dai Ba Ya Salla": Maguzawan Ƙasar Rano da Asalin Kirki

A gidanmu da ke Rurum akwai wani labari da kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta gajiya da maimaita shi. A farkon shekarar 1973 kakana ya kai damin dawa arba'in ajiya wurin wani dattijon Bamaguje da ke zaune a wata 'yar unguwa a gindin duwatsu. Ya tura iyalinsa Kibiya wurin surukai, shi kuma ya tafi fatauci Kurmi da niyyar dawowa kafin shuka. Ciwo ya riƙe shi a can kusan shekara guda. A daminar ce ruwa ya ɗauke, aka yi farin da ya ƙone amfanin gona tun daga Agadas har ƙasar Kano. Da ya dawo, nauyin tambayar ajiyarsa ya kama shi, domin ya ga halin da jama'a suka shiga. Dattijon ne da kansa ya aiko aka kira shi, ya fasa yaɓen bakin rumbu a gabansa, aka ƙirga dami arba'in cif, ban da ɗan abin da ɓera ya taɓa. Iyalin mutumin kuwa sun yi watanni suna cin dusa da tafasa. Duk ranar da kakata ta kawo nan sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah Sarki, mutumin kirki ne, sai dai ba ya salla."

Ina ƙarami na taɓa tambayarta ko zai shiga Aljanna. Ta harare ni ta ce, "Kai maigidana, ni ce mai tsaron ƙofar? Tashi ka ba ni wuri."

Labarin ya kwanta a raina har watan Afrilu na 2022, muna zaman gida saboda yajin aikin malaman jami'a. A ranar 5 ga watan, cikin azumi, wata babbar kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Bala, mutumin da ya fito fili ya ce bai yarda da samuwar Allah ba, ɗaurin shekara 24 a kan wasu rubuce-rubuce da ya yi a Facebook. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 5 a 2024. Ba shari'ar na zo tattaunawa ba. Abin da ya tsaya mini shi ne hirar da aka yi a teburin mai shayi bayan asham, inda wani abokina ya buga ƙirji ya ce duk wanda ba ya tsoron Allah babu abin da zai hana shi sata ko cin amana, muddin ya tabbata ba mai ganinsa. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Amma rumbun nan ya faɗo mini a rai, kuma da yake tarihi nake karantawa, na ƙudurta zan bi diddigin Maguzawan ƙasarmu in kawo masa shaida.

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya buɗe ne da Barbushe da jama'arsa suna bautar Tsumburbura a Dala. Ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, kuma a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) addinin ya kafu a fada, lokacin da Shehu Maghili ya sauka a birnin. Amma abin da ya kafu a birni bai game karkara rana ɗaya ba. A kudancin Kano, ƙasar duwatsu da ƙoramu inda Rano take, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, manoma da yawa sun ci gaba da al'adar kakanninsu har ƙarni biyar bayan Rumfa. Su ne Maguzawa. Masu labarin baka suna cewa sunan daga gudu yake, wato waɗanda suka guje wa salla. Masana da yawa kuwa suna mai da shi ga kalmar Larabci "Majusu", mabiya tsohon addinin Farisa, waɗanda malaman fiƙihu suka yarda a karɓi jiziya daga hannunsu a bar su da addininsu.

Wannan fassara ta biyu ta fi ja mini hankali, saboda abin da ya biyo bayan jihadi. A 1807 aka ci Sarkin Kano Alwali a Burumburum, nan kudu da mu, mulki ya koma hannun jama'ar Shehu Usmanu. Mutanen da suka zare takobi a kan sarakunan da ke salla, bisa zargin zalunci da gauraya addini da tsafi, sun bar Maguzawan da ba su salla a gonakinsu, suna biyan jiziya a ƙarƙashin amana. Ba zan ce don ƙauna aka yi haka ba. Daula tana bukatar hatsi da haraji, kuma Maguzawa manoma ne na ji da gani. Duk da haka, amana yarjejeniya ce mai ɓangare biyu, kuma ba a ƙulla ta da wanda aka tabbata ba ya iya cika alkawari.

Sai na kai ga littafin da ya rushe mini shiri. Joseph Greenberg, Ba'amurken da daga baya ya shahara wajen rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya buga sakamakon bincikensa a 1946. Abin da ya tarar shi ne Bamaguje ya san Allah, da wannan suna yake kiran Sa, kuma ya yarda Shi ne Mahalicci. Sai dai yana ganin Sa nesa, ba ya yi maSa wata ibada. Iskoki ake yi wa yanka, irin su Kure da Inna, kowane gida da waɗanda ya gada. Ashe dattijon kakana ba irin mutumin da muke musu a kansa ba ne. Wanda ya yi imani da Mahalicci da rundunar iskoki ba za a kafa hujja da shi a kan rashin imani ba. Gaskiyar da dole in karɓa ita ce, tarihin ƙasar Hausa bai ajiye mana wata al'umma da ta rayu babu imani da gaibu sam-sam ba. Musun Allah ɗungurungum baƙon tunani ne a nan, na ɗaiɗaikun mutane.

To amma abokina ma bai tsira ba. Hujjarsa ta dogara ne a kan tsoron hisabi, cewa wuta da Aljanna su ne linzamin ɗan Adam. Ibadar Bamaguje kuwa ba a kan hisabin Lahira aka gina ta ba. Yana yanka jan zakara ko baƙin bunsuru don ruwan sama, don haihuwa, don lafiyar gida da albarkar gona. Iska yana fushi idan aka hana shi haƙƙinsa na jini, kuma ana tsoron rantsuwar ƙarya a wurin tsafi, amma dattijon nan bai rantse wa kakana da komai ba. Da ya ɗebi dami goma ya ciyar da jikokinsa ya ce gara ce ta ci, babu alƙalin da zai kama shi, kuma da wuya kakana ya musa. Wani abu dabam ne ya riƙe hannunsa.

A nan harshe ya taimake ni. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiana, wadda aka buga a 1974 da sunan Mutumin Kirki, ya jera halayen da Bahaushe ke auna nagarta da su, irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai lura zai ga jerin ya rabu. Amana da ladabi da hikima da adalci daga Larabci suka shigo, ta hannun malamai. Kunya da gaskiya kuwa namu ne na gida, mutunci kuma daga "mutum" aka ƙera shi, haka nan zumunci daga "zumu". Asalin kalma ba ya ba da shekarar haihuwar ɗabi'a, na sani, amma yana nuna cewa lokacin da Musulunci ya iso ya tarar da mutanen da suka riga suka san abin kunya, sai ya ƙara musu sunaye da ma'auni da sakamako. A gidan Bamaguje, inda uba da 'ya'yansa da jikoki ke noma gandu ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, sunan mutum shi ne jarinsa. Wanda aka sani da hannu ba a zuwa gayyarsa, ba a ba ɗansa mata, ba a zama kusa da shi a wurin biki.

Kada a ɗauka ina wanke Maguzawa ne tas. A cikinsu akwai ɓarayi, akwai waɗanda burkutu ya cinye wa gona, akwai rigimar da ake farawa a wurin shan giya a ƙare ta da sanda. Ina kuma zargin cewa wani ɓangare na yabon da mutanen gari ke yi wa gaskiyar Bamaguje gugar zana ce ga junansu. Sannan kunya tana da iyaka: tana aiki ne inda kowa ya san kowa. A kai ta Kantin Kwari ko Kasuwar Dawanau, inda mai saye ba zai sake ganin mai sayarwa ba, sai ƙarfinta ya ragu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da abokina yake da ita, ko da yake bai kawo ta ba: idon da ba ya barci ya fi idon maƙwabci nisa. Amsata kawai ita ce, a cikin garuruwan da masallatai suka fi yawa ne muke kukan algus da tauye mudu, don haka faɗin imani da baki shi ma bai isa linzami ba.

Da na koma ga littattafan malamanmu sai na ga musun teburin mai shayi ya girmi Rano kanta. Aflatun ya tayar da shi a Girka kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa: shin abu yana zama mai kyau ne don abin bauta ya so shi, ko kuwa ya so shi ne don yana da kyau? Malaman Musulunci sun yi nasu. Mu'utazilawa suka ce hankali shi kaɗai yana iya gane kyan adalci da munin zalunci tun kafin wahayi. Imam Ash'ari, wanda aƙidarsa ce malaman zaurenmu suka gada, ya ce wajabci da lada da zunubi ba su tabbata sai da shari'a. Imam Maturidi, wanda ya rasu a 944, ya tsaya a tsakani. Abin lura shi ne, saɓaninsu a kan tushen hukunci ne. Ba su yi jayayya a kan cewa wanda ba Musulmi ba yana iya faɗin gaskiya ko ya riƙe amana ba, domin sira tana gabansu. A hijirar shekarar 622, ɗan jagoran da aka damƙa wa sirrin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin Ƙuraishawa, bai kuma tona ba. Kafin aike, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci ƙawancen kare wanda aka zalunta da aka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, ya kuma yabi ƙawancen bayan Musulunci ya zo. Amma da Nana A'isha ta tambaye shi ko kyautar ɗan Jud'an da sada zumuncinsa za su amfane shi a Lahira, amsar ita ce a'a, saboda bai taɓa neman gafarar Ubangijinsa ba.

Da na karanta wannan hadisi sai na ajiye littafin, domin maganar kakata ce sak. Matar da ba ta wuce izu biyu ba ta raba abu biyu da mu 'yan jami'a muka cakuɗa. Rabin farko na jimlarta shaida ce a kan hali, kuma ba ta rage masa komai ba. Rabi na biyu magana ce ta makoma, wadda ta ƙi yanke hukunci a kanta ko da na matsa. Shehu Usmanu ma, a Bayan Wujubil Hijra da ya kammala a 1806, ya ɗauki zalunci a matsayin abin da ya fi kafirci saurin rushe mulki, wanda ke nuna ya yarda ana iya samun adalci a inda babu Musulunci.

Ni Musulmi ne, kuma na yarda cewa abin da ya riƙe hannun dattijon nan fiɗira ce da Allah Ya dasa a zuciyar kowane ɗan Adam, ko ya san Mai dasawar ko bai sani ba. Wanda bai yarda da Allah ba zai ce tarbiyya ce da bukatar zaman tare, kuma tarihi ba shi da ma'aunin da zai raba mu, domin takardu da labaran baka suna nuna abin da mutane suka aikata ne kawai. A kan aikin kuwa shaida ta isa. Shi ya sa kalmar "arne" take yi mini nauyi a baki idan na ji ana jifan mara mutunci da ita, alhali jikokin mutanen da aka fara kira da sunan suna tare da mu a kasuwar Rano. Rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi daga 1963 zuwa 1965, da wa'azin 'yan mishan, da makarantar boko, sun raba Maguzawa tsakanin masallaci da coci, har masu yanka wa Kure suka zama 'yan ƙalilan.

Bara da kaka na hau babur na je unguwar. Rumbun ya daɗe da rushewa, an shuka masara a wurin. Na tarar da jikokin dattijon biyu a gida ɗaya, babban Musulmi, ƙaramin Kirista, suna ɓarar gyaɗa a tabarma guda. Da na faɗi ko ni jikan wane ne, babban ya sa aka kawo mini fura. Na tambaye shi, "Baba, me ya hana tsoho taɓa dawar nan, ga yara suna kuka?" Ya dube ni kamar wanda ya tambayi abin da ya sa ruwa ke gangara, ya ce, "Ɗan nan, ai ba tasa ba ce." Ƙaramin ya yi dariya ya ce matan gidan dai sun yi shekara ba su yafe masa ba, kuma uwarsu har ta rasu tana cewa da dami biyar ya ɗiba, da ƙanwarta ta rayu.