Dukiyar Man Fetur da Tseren Motoci: Tarihin Gasar Baharain, 2004 zuwa 2012

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda dukiyar man fetur ta ƙasashen Tekun Fasha ta shiga gasar tseren motoci ta duniya da ake kira Formula 1, sa'an nan a dubi abin da ya auku sa'ad da wannan gasa ta ci karo da tarzomar siyasa a Baharain. Shugabannin gasar sun daɗe suna cewa wasa daban, siyasa daban. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, tarihi bai gaskata wannan magana ba, kuma a duk inda aka dakatar da tseren, wani dalili ne ya jawo, ba kukan talakawan ƙasar da ake yin sa a cikinta ba.

2.0 Daga Lu'ulu'u zuwa Man Fetur

Baharain tarin tsibirai ce a gabas da Saudiyya, kuma gidan Al Khalifa ke mulkinta tun 1783. A da, arzikin mutanenta ya dogara ne a kan nutso cikin teku don tsamo lu'ulu'u, har lokacin da lu'ulu'un da Japan ke renawa ya karya kasuwar. A 1932 aka haƙo man fetur a Jabal Dukhan, watau Baharain ce ta fara samun mai a ɓangaren Larabawa na Tekun Fasha. To amma rijiyoyinta ƙanana ne idan aka gwada da na maƙwabtanta, saboda haka tun da wuri masu mulki suka gane cewa tilas su nemi wata madogara, kamar bankuna da baƙi masu yawon buɗe ido. Irin wannan kasuwa kuwa ba ta ci sai da kyakkyawan suna.

Ta fuskar siyasa, ƙasar ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1971. An kafa majalisar dokoki a 1973, aka rushe ta a 1975. Gidan sarauta Sunni ne, mafi yawan 'yan ƙasa kuwa Shi'a ne, kuma sun daɗe suna kukan ana ware su wajen aikin soja da na 'yan sanda da manyan muƙamai.

3.0 Shigar Kuɗin Larabawa Cikin Tsere

Baharain ba ita ta buɗe wannan ƙofa ba. Bayan farashin mai ya ninka wajen sau huɗu a 1973 zuwa 1974, kamfanin jiragen sama na Saudiyya ya shiga ɗaukar nauyin ƙungiyar Williams ta Ingila a ƙarshen shekarun 1970. Ƙungiyar da ba ta taɓa cin tsere ba sai ga shi ta ci na farko a Silverstone a 1979, a 1980 kuma direbanta Alan Jones ya zama zakaran duniya. A wannan mataki, talla kawai ake saye a jikin mota.

Abin da Baharain ta yi ya zarce haka, domin tseren kansa ta ɗauko ta kai gida. Da ƙarfafawar Yarima mai jiran gado, Salman bin Hamad, aka gina filin tsere a hamadar Sakhir a kan kuɗi kimanin dala miliyan 150. Ranar 4 ga Afrilu, 2004, aka yi gasar Formula 1 ta farko a Gabas ta Tsakiya, Michael Schumacher ya lashe ta. A 2007 kuma asusun jarin gwamnati, Mumtalakat, ya sayi kashi 30 cikin ɗari na kamfanin McLaren. Ke nan ƙasar ta zama mai masaukin baƙi, ta kuma zama mai hannun jari a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin da ke tseren. Abu Dhabi ta bi sahu da nata filin a 2009.

4.0 Shekarar 2011

Ranar 14 ga Fabrairu, 2011, guguwar boren da ta kayar da shugabannin Tunisiya da Masar ta iso Baharain. Masu zanga-zanga suka yi sansani a Shatale-talen Lu'ulu'u da ke Manama, suna neman sabon tsarin mulki da zaɓaɓɓiyar gwamnati, da kuma sauke Firayim Minista Khalifa bin Salman, wanda ke kan kujera tun samun 'yancin kai. Da asubahin 17 ga wata jami'an tsaro suka afka wa sansanin, mutum huɗu suka rasu. Ranar 21 ga Fabrairu aka ba da sanarwar fasa tseren da aka shirya yi ranar 13 ga Maris. Ya kamata a lura cewa Baharain ce da kanta ta janye. Hukumar tseren motoci ta duniya, watau FIA, ba ita ta hana ba.

Ranar 14 ga Maris sojojin Saudiyya kimanin 1,000 da 'yan sandan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kimanin 500 suka shiga ƙasar. Kashegari aka kafa dokar ta-ɓaci, ranar 18 ga wata kuma aka rushe hasumiyar da ke tsakiyar shatale-talen. Kame da korar ma'aikata suka biyo baya, har da wasu ma'aikatan filin tseren.

An ɗage dokar ta-ɓaci ranar 1 ga Yuni. Bayan kwana biyu kacal, FIA ta maido da tseren, ta sa masa ranar 30 ga Oktoba. Ƙungiyoyin tsere suka ƙi, amma hujjar da suka fi kafawa ita ce wahalar sake jadawali da ɗaukar kaya har cikin Disamba. Direba Mark Webber na cikin 'yan ƙalilan da suka fito fili suka ce bai dace a je ba saboda halin da mutanen ƙasar ke ciki. A ƙarshe masu shirya tseren suka haƙura da na wannan shekara.

Ranar 23 ga Nuwamba, hukumar bincike da Sarki Hamad ya kafa da kansa, a ƙarƙashin masanin shari'a Cherif Bassiouni, ta miƙa rahotonta. Ta tabbatar da rasuwar mutum 35 tsakanin 14 ga Fabrairu da 15 ga Afrilu, biyar daga cikinsu saboda azabtarwa a hannun hukuma. Daga wannan rana babu mai iya cewa bai san abin da ya faru ba.

5.0 Shekarar 2012

Duk da haka aka sa tseren 2012 a ranar 22 ga Afrilu. Masu shiryawa suka fito da taken talla mai nuna wai al'umma ta haɗe kai tana biki, har suka saka alamar gasar a cikin kalmar haɗin kan. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar cewa wasa ba ya shiga siyasa, tun da gwamnati ce da kanta ta mai da shi shaidar zaman lafiya. 'Yan adawa su ma suka gane haka, suka mai da kwanakin tseren kwanakin zanga-zanga, a daidai lokacin da ɗan gwagwarmaya Abdulhadi al-Khawaja ke yajin cin abinci a kurkuku.

Kwanaki kaɗan kafin tseren, wani bam na kwalbar fetur ya fashe kusa da motar makanikan ƙungiyar Force India, har ƙungiyar ta ƙaurace wa gwaji na biyu ranar Juma'a don mutanenta su koma masauki kafin duhu. Ranar Asabar aka tsinci gawar wani mai zanga-zanga, Salah Abbas Habib, a ƙauyen Shakhura. Ranar Lahadi aka yi tsere, Sebastian Vettel ya zo na ɗaya.

6.0 Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Adalci ne a kawo hujjar masu goyon baya. Sun ce tseren na kawo ciniki da aikin yi ga Sunni da Shi'a baki ɗaya, kuma fasa shi zai ƙarfafa masu tsattsauran ra'ayi, ya raunana Yarima Salman, wanda ake ganin ya fi sassauci. Sun ƙara da cewa zuwan 'yan jaridun duniya na tona abin da da zai ɓuya. Wannan batu na ƙarshe yana da ƙamshin gaskiya, domin a makon tseren ne duniya ta sake jin labarin Baharain. Haka kuma, ƙarar da wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta kai a Ingila ta sa masu gasar fitar da alkawarin mutunta haƙƙin ɗan Adam a 2015. Sai dai a 2016 kotu ta rushe Al-Wefaq, babbar ƙungiyar adawa, tseren kuwa bai tsaya ba. A 2022 aka tsawaita yarjejeniyarsa har zuwa 2036.

7.0 Kammalawa

Idan aka gwada da wasu wurare, al'amarin zai ƙara fitowa sarari. A 1985 ƙungiyoyin Renault da Ligier sun ƙaurace wa tseren Afirka ta Kudu saboda matsayin gwamnatin Faransa game da wariyar launin fata, kuma ba a koma can ba sai 1992. A 2022 aka soke tseren Rasha cikin 'yan kwanaki bayan ta mamayi Yukiren. A cikin Maris na wannan shekarar Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan mutum 81 a rana ɗaya, sa'an nan ranar 25 ga wata 'yan Huthi suka harbi ma'ajiyar mai ta Aramco a Jidda, ana hango hayaƙin daga filin tsere. Direbobi suka yi taro har tsakar dare ta wuce, amma ranar 27 aka yi tseren. Aramco kuwa tun 2020 ya shiga jerin manyan masu ɗaukar nauyin gasar.

Ke nan gasar takan iya juya wa ƙasa baya idan gwamnatocin Turai sun riga sun juya mata. Inda mai masaukin ke ƙawance da su, kuma yake riƙe da jarin gasar, sai a tuno da cewa wasa daban, siyasa daban. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Aikin da ya rage wa mai nazarin tarihi shi ne ya rubuta ranakun biyu tare, 21 da 22 ga Afrilu, 2012, don kada sunan wanda ya ci tsere ya shafe sunan wanda aka tsinta a Shakhura.