Tarihin Ƙwaya Mai Rassa da Kawaicin Jiki

Likitoci sun daɗe suna tambaya: yaya garkuwar jiki ta ke yaƙar baƙuwar cuta, amma ta ƙyale naman jikin mai ita? Wannan ƙyalewa ita muka kira kawaici a takardan nan, domin mai kawaici ya gani sarai, kamewa kawai ya yi.

Cikin shekarar 1868 wani ɗalibin likitanci a Berlin, Paul Langerhans, ya ga waɗansu ƙwayoyin halitta masu rassa a fatar mutum, ya zaci na jijiya ne. Sai a 1973 Ralph Steinman da Zanvil Cohn na Jami'ar Rockefeller a Amurka suka sami danginsu a saifar ɓera. Suka raɗa musu suna daga kalmar Girkanci "dendron", watau itace.

Da fari an san ƙwayan nan da tayar da yaƙi kaɗai. Takan tsinci gutsuren cuta, ta kai shi kaluluwa, ta nuna wa fararen ƙwayoyin jini da a ke kira T, su kuwa su fita farauta. Amma a 2001 Steinman da Michel Nussenzweig da abokan aikinsu suka gwada a jikin ɓeraye cewa idan ta nuna gutsure alhali babu alamar haɗari, sai waɗanda aka nuna wa su ɓace ko su yi sanyi. Ashe mai kiran yaƙi ita ce kuma mai hana shi. In wannan kawaici ya lalace, jiki yakan auka wa kansa, kamar yadda a ke gani a ciwon sukari na yara da amosanin gaɓoɓi.

Saboda haka aka fara ɗibar ƙwayoyi daga jinin majiyyaci, a rene su a kan kawaici, sa'an nan a mayar masa. An jarraba wannan a Pittsburgh kan ciwon sukari, da Newcastle ta Ingila kan amosani. Jarrabawar ta nuna ba ya cutarwa, amma warkarwa tukuna.

Steinman ya rasu ran 30 ga Satumba 2011, kwana 3 kafin a yi shelar ba shi lambar Nobel. Ciwon daji ne ajalinsa, wanda ya yi ta yaƙa da ƙwayoyi masu rassa na jikinsa.