Daga Takalafiya Zuwa Masu Minsharin Birni

A shekarun 1930, gyangyaɗin rana ba abin raha ba ne a ƙasar Zazzau. Ma'aikatan lafiya sun riƙa bin ƙauyuka suna jera mutane, suna lalubar wuyansu ko za su ji kaluluwar ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. A 1937 aka fara aikin Anchau: aka sare kurmin bakin rafuka, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Kakanninmu sun ga barci yana kai mutum kushewa.

Da tsando ya ja baya, sai muka manta. Yau a cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Kuyambana, da wuya a rasa majalisar da ba ta da dattijon da kansa ke rinjaya ana tsakiyar hira. Mukan ce gajiya ce, ko ƙiba ta samu wuri. Uwargidansa ita ta san sauran labarin: minshari kamar injin markaɗe, sai tsit, sai ya zabura yana haki.

Wannan tsit ɗin shi ne cutar. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska daƙiƙa goma ko fiye, sau da yawa cikin awa guda. Sai a 1965 likita Henri Gastaut na Faransa da abokan aikinsa suka auna hakan a jikin masu barci. A 1981 Colin Sullivan na birnin Sidni ya fito da na'urar da ke hura iska ta hanci, ta hana maƙogwaro rufewa. A wannan shekarar kuma aka bayyana wata tiyata a Amurka da ta haɗa da cire beli, abin da zai sa wanzamanmu murmushi, ko da yake askarsu ba ta kai ga inda matsalar take.

Abin da ke biyo bayansa mun san shi: hawan jini mai ƙin jin magani, shanyewar ɓarin jiki, direban da barci ya sace a hanyar Kaduna.

Yanzu babu ma'aikacin da zai zo ya jera mu. Mai wannan hali shi zai kai kansa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika. Ya kuma tafi da uwargida, domin likita zai tambayi abin da ke faruwa cikin dare, shi kuwa a lokacin barci yake yi.